Gwangwanin da Hanley Ya Bari a Bukuru

Ranar Laraba ce, a makon farko na watan Nuwamba, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma. Mu uku ne a ƙaramin ɗakin bincike na filin jirgin saman Dulles a Amurka: ni, da jami'in kwastan, da wata ma'aikaciya mai safar hannu wadda ta ciro gwangwanin daga jakata. Tsohon gwangwanin biskit ne, fentinsa ya goge, an ɗaure shi da tsumman atamfa.

Jami'in ya dubi fasfona, ya dube ni, ya sake duban fasfon.

"Nasiru Hanley," in ji shi. "Daga Najeriya."

"Daga Bukuru, kusa da Jos."

"Me ke cikin wannan?"

"Kayan wani ne."

Babu amsar da ta fi wannan muni a filin jirgi, kuma na san haka tun kafin in rufe baki. Amma shekara goma sha ɗaya na yi ina karanta labarai a gidan rediyo, bakina ya saba da faɗin abu yadda yake. Matar ta kwance tsumman, ta jera abin da ke ciki a kan tebur: kamfas na tagulla irin na masu awon ƙasa, da tabarau mai siririn ƙarfe, da baƙin casbi mai gicciye irin na 'yan Katolika, da wasiƙa guda cikin ambulan da ya koma ruwan ƙasa.

"Wa ke da su?"

"Sunansa Thomas Hanley. Ya bar su a hannun kakana lokacin yaƙin duniya na biyu, ya ce zai dawo."

"Ya dawo?"

"Muna jira."

Jami'in ya yi dariya, matar ba ta yi ba. Ita ce ta mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure tsumman da kyau fiye da yadda na ɗaure shi, ta miƙo mini da hannu biyu.

Kakana Audu kuku ne a gidan wani Bature mai awon ƙasa a kamfanin haƙar kuza. Da Baturen zai tafi hutu gida, sai ya ba shi wannan gwangwani ya ce ya ajiye masa. Wata shida suka wuce, shekara ta wuce. Duk sabon Baturen da ya sauka a Bukuru sai Audu ya tare shi da tambaya ɗaya, ina Hanli. Har mutanen gari suka laƙaba masa Audu Hanli. Ranar da aka kai mahaifina makarantar firamare, yara biyar ne a layi da sunan ubansu Audu, malamin ya ce wane Audu, aka ce Audu Hanli. Ya rubuta. Daga wannan rijista sunan ya bi mu zuwa sakandare, zuwa takardun aiki, zuwa fasfo.

Kafin Audu ya rasu ya danƙa wa mahaifina gwangwanin, ya ce ajiya ce, a kai wa masu ita. Baba tela ne, bai taɓa wuce Kaduna ba. Wani malami ya taɓa ba shi shawara ya jefar da casbin ya riƙe sauran, Baba ya ce shi ba a ba shi ajiyar a rarrabe ba. Lokacin wani rikici da muka gudu daga unguwarmu, ya bar keken ɗinkinsa, ya cusa gwangwanin cikin babbar riga. Muka wuce shingen matasa biyu, ɗaya na Kiristoci, ɗaya na Musulmi. Ban san a wanne ne gicciyen zai fi jawo masa bala'i ba da an lalube shi.

Da na ci ƙuri'ar takardar zama a Amurka, Baba bai tambaye ni aikin da zan yi ba. Ya nuna mini hatimin gidan waya da ke kan ambulan, inda aka buga Baltimore. Gara ta cinye kusurwar da mai aikowa ya rubuta adireshinsa. A ƙarshen wasiƙar an sa hannu, 'yar'uwarka Nora.

"Ka tambayi gidan Hanli," in ji Baba. "Duk gari an san gidan kowa."

Annandale, wani gari a jihar Virginia, ita ce zangona na farko. Na sami katifa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida, mu huɗu, taga ɗaya ƙarama da ke kallon tayoyin motoci. Wanda ya karɓe ni shi ne Isufu, mutumin Maradi, direban tasi, wanda na sani ta hannun wani ɗan kasuwar Jos. Ina zaton ɗan Jos ya san sanyi. A makon farko na watan Janairu na janye wannan zato. Aikin da na samu na ɗaga kwalaye ne a wani sito, daga shida na safe zuwa biyu da rabi. A Jos, in na ce wa mai tumatir nawa ne kwando, sai ya ɗago kai ya ce kai ne mai labarun ƙarfe bakwai. A nan duk abin da na faɗa sai an ce in maimaita. Na kama kaina ina fassara labaran rediyonsu zuwa Hausa a cikin bas, a hankali, leɓe kawai ke motsi, ina gyara jimla in ta yi tsawo, kamar akwai edita a bayana.

Kowace Juma'a, bayan an sauko daga masallaci a Bukuru, ƙanwata Binta takan kira ni ta miƙa wa Baba waya. A wurinmu safiya ce, lokacin hutun minti goma sha biyar. Gaisuwa, lafiyar iyalina da na baro, sannan tambaya.

"Ka kai?"

"Ban kai ba tukuna, Baba."

"To. Allah ya sa a kai."

A watan farko na buɗe kundin lambobin waya na intanet na rubuta Hanley da Maryland, jihar da Baltimore ke ciki. Na yi ta ja ƙasa, sunaye ba su ƙare ba. Na ƙara Virginia, abin ya ninka. Akwai likita, akwai mai gyaran famfo, akwai lauya, akwai wanda ke kurkuku. Isufu ya leƙo ta kafaɗata, yana cin tuwon semo da hannu ɗaya.

"Ɗan radiyo, waɗanga duka danginku ne? Bon. Ka ce su taimaka muna da kuɗin haya."

A wani babban kanti na ga rumfar da ake sayar da tarihin sunaye. Kana faɗin sunanka, sai su buga maka takarda mai kauri da tambarin garkuwa a sama. Na saya, ina tsammanin zan ga mutane. Babu mutum ko ɗaya a ciki. Amma na koyi abu guda da ya hana ni sukuni. Sunan saiwa biyu gare shi, kuma ba su haɗa komai ba. A Ingila sunan wuri ne, ƙauyuka da dama, ma'anarsa fili a kan tudu. Mutum ya bar ƙauyen sai a kira shi da shi, kamar yadda muke cewa wane Funtuwa ko wane Ɗambatta. A Ireland kuwa sunan kaka ne, wata zuriya da ke gefen kogin Shannon, a yankin Roscommon, wadda akawunan Ingila suka rubuta sunanta yadda ya yi musu sauƙi. Yunwa da neman aiki suka watsa su Amurka da Ostareliya da sauran wurare. Ke nan mutum biyu za su iya zama Hanley a titi ɗaya, kakanninsu ba su taɓa jin harshen juna ba.

Na gwada yi wa Baba bayani. Ya saurara har na gama.

"To wanne ne namu?"

"Casbin ya nuna ɗan Ireland ne, Baba. Amma ban tabbatar ba."

"Ka fara da su."

Na rubuta wasiƙu arba'in da biyu a shekarar farko, da hannu, ga Hanley na Baltimore da kewaye. Bakwai suka dawo ba a buɗe ba. Mutum uku suka amsa cewa ba su san wani Thomas ba, ɗaya daga cikinsu ta sa mini katin fatan alheri. Sauran shiru. Ranakun Asabar nakan hau jirgin ƙasa in je Baltimore, gwangwanin a jakar baya, in yi ta yawo a tsofaffin unguwanni ina karanta sunaye a akwatunan wasiƙa. Sau ɗaya na ƙwanƙwasa ƙofa. Mai gidan ya yi magana da ni ta bayan gilashi, waya a kunnensa, idonsa a kan jakata. Ban sake ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba.

Zango na biyu Germantown, a jihar Maryland. Mai gidan Annandale ya sayar da gidansa, ya ba mu mako uku. Ni da Isufu muka kama ɗaki biyu a hawa na uku, kusa da babbar hanyar 270, inda ƙarar motoci ba ta yankewa. Na sami lasisi, na bar sito, na shiga aikin kai marasa lafiya asibiti a mota mai ɗaukar keken guragu. A cikin wannan shekara ce hawan jini ya kayar da Baba a shagonsa. Ya kwana tara a asibiti, ya fito ɓarin hagu ba ya aiki sosai. Kiran Juma'a bai tsaya ba, sai dai yanzu harshensa ya yi nauyi, kalmomi biyun nan sukan ɗauke shi lokaci.

Wata Juma'a Binta ta karɓi wayar ta fita tsakar gida.

"Yaya, ba ya barci. Jiya cewa ya yi ba mutuwa yake tsoro ba, tsoronsa ya haɗu da Kaka a tambaye shi."

"Ina ƙoƙari, Binta."

"Na sani. Ni dai na gaya maka."

Na sa sanarwa a wani shafin intanet na masu neman asalinsu, da hoton kamfas ɗin. Kwana huɗu sai ga amsa. Wani mutum ya ce Thomas Hanley ƙanen kakansa ne, ya yi aiki a Afirka, dangi sun daɗe suna neman kayansa. Muka yi alkawarin haɗuwa ranar Asabar da ƙarfe uku a wani shagon shayi. Isufu ya ce zai raka ni, wai don kada a sace ni da gwangwani.

Mutumin ya kai shekara hamsin, mai fara'a. Ya nuna mini lasisinsa, Hanley ne da gaske. Na buɗe gwangwanin. Hannunsa ya tafi kai tsaye kan kamfas, ya juya bayansa, ya karanta sunan maƙerin, ya ɗauki hoto da waya. Tabarau da casbi ya ture su gefe da bayan yatsa. Wasiƙar bai taɓa ta ba. Yana yi yana ba mu labarin yadda kawun nasu yake kwatanta zafin wurin, da bakin teku, da zakuna.

Bukuru babu teku, babu zaki, kuma da rigar sanyi ake kwana.

Isufu ya yi magana da Hausa, fuskarsa a sake kamar yana yabon shayin.

"Mi kake jira? Sunanshi Hanli, ka ga takarda. Ya ce nashi ne. Ka ba shi, in ɗauke ku hoto, ka aika ma tsoho ya samu barci."

"Ƙarya yake yi."

"Na jiya. Amma bakinshi ne ya yi ta, ba naka ba. Alhakin na wuyanshi."

Ba zan ɓoye ba, na auna maganar. Hujjar Isufu ba ta da rauni sosai. Zan iya kiran Bukuru a wannan yammacin in ce na kai, kuma kowace kalma a jimlar gaskiya ce: na kai wa wani Hanley wanda ya ce nasa ne. Na san yadda ake gina irin wannan jimla, na ga ana gina ta a ɗakin labarai in gwamnati ta matsa. Hannuna na kan murfin gwangwanin, na ɗan tura shi wajen mutumin, kamar faɗin yatsa biyu.

Sai na ce da Turanci, "Yana da 'yar'uwa a nan Amurka. Yaya sunanta?"

"Mary," in ji shi. Ya dubi fuskata. "Ko Margaret. A gida ana kiranta da suna daban-daban."

Na miƙa hannu. Ya ɗan riƙe kamfas ɗin kafin ya saki. Ya ce zai iya saya in kuɗi nake so, na ce ba nawa ba ne balle in sayar. Ya tashi ya bar shayinsa.

Muka shiga mota, muka hau 270. Can Isufu ya ce, "Da ni ne da na ba shi." Muka wuce wata mahaɗa. "Amma da ban ƙara ɗaukar wayar tsoho ba."

Ranar Juma'a na ce ban kai ba. Baba ya ce Allah ya sa a kai. Na ji Binta ta ja numfashi a gefe.

Mitchellville ba zama na yi a can ba, aiki ne ya kai ni. A bazarar shekara ta uku aka ba ni sabuwar fasinja, mai zuwa wankin ƙoda Litinin da Laraba da Juma'a. Unguwa ce mai manyan gidaje, 'yan Najeriya da yawa sun saya a can, har nakan ji ƙamshin miyar egusi daga gidan da ke kusa. Da na ga sunan a takardar aiki sai na sake karantawa. Misis Hanley. Na danna ƙararrawa, sai ga baƙar fata, doguwa, ta haura saba'in, da sanda da jakar littattafai. Tsohuwar malamar makaranta ce.

Ina ɗaure mata bel ta kama katin aikin da ke wuyana, ta kawo shi kusa da tabaranta.

"Hanley," ta karanta. "Daga ina?"

"Najeriya, Mama."

"To wa ya mallaki kakanka?"

Na ce ba wanda ya mallake shi, kuku ne, ana biyansa. Ta ce to ya fi kakan kakan mijinta sa'a. Shi a gonar taba yake a kudancin Maryland, kuma da aka 'yanta bayi, sunan mai gonar aka rubuta masa. Mijin nata ya rasu, amma ta yi shekaru tana bin takardun kotu da na coci tana neman mutanensa, har ta kai ga wata takardar rabon gado inda aka jera su tsakanin dawaki da kujeru. Takardar da na saya a kanti saiwa biyu ta ambata. Wannan ta uku ba ta cikinta, balle tamu ta Bukuru.

Mako uku ina kai ta ina dawo da ita kafin in ba ta labarin. A hanyar dawowa ba ta cika magana ba, wankin yakan bar ta a gajiye, takan rufe ido ta ce in yi mata labaran da harshenmu, ba ta jin komai amma muryar tana kwantar mata da ciki. Wannan ne karo na farko a ƙasar da wani ya nemi jin muryata. Wata Litinin da safe, muna jiran a kira ta, na ba ta wasiƙar Nora. Ta karanta sau biyu. Wasiƙa ce ta gida: sanyi ya yi yawa, Jim ya sami aiki a tashar jiragen ruwa, jaririya ta fara haƙori, ka riƙa shan maganin zazzaɓi.

"Wane ne Jim?"

"Mijinta ne, ina tsammani."

"Kai kuma wa kake nema?"

"Nora Hanley, ko 'ya'yanta."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Tun yaushe?"

"Shekara biyu da wata bakwai."

Ta fara dariya, ta yi ta yi har wata nas ta leƙo. Da ta samu numfashi ta dafa hannuna.

"Ɗana, ni Price aka haife ni. Ranar da na yi aure na zama Hanley. Ita kuma ranar da ta auri Jim ta daina zama Hanley. 'Ya'yanta ba su taɓa ɗaukar sunan ba ko na kwana ɗaya. Duk ƙofofin da ka bi, ba ta bayan ko ɗaya."

Na san wannan al'ada. Na karanta Misis wance a labarai sau da ba zan iya ƙirgawa ba. Amma sani ne na ɗakin labarai, bai taɓa shiga gidanmu ba. Mahaifiyata ta yi shekara arba'in da ɗoriya a ɗakin Baba, ta rasu tana Hadiza Musa, sunan ubanta. Binta 'ya'yanta huɗu, har yau Binta Hanley ce. A kaina mace tana tafiya da sunan ubanta har kabari, kuma Nora 'yar'uwar Thomas ce, saboda haka Hanley ce. Ban taɓa zama na tambayi kaina ba. Na zauna a kujerar robar nan ina jin kunya irin ta wanda ya karanta labarin bara a matsayin na yau.

Ranar Asabar, wadda ba ranar aikina ba ce, na je da motar Isufu na kai ta laburare. Ta san inda komai yake. Ta ce mu bar neman masu rai, mu nemi ranar aure da ranar mutuwa, domin nan ne kawai ake rubuta sunan mace na farko. Asabar ta farko ba mu sami komai ba. Ta biyu muka sami Nora Hanley uku. Ta uku muka ga ɗaya a rijistar auren wata cocin Katolika a Baltimore, haifaffiyar Roscommon, ta auri James Moran, wato Jim. Daga nan ta buɗe tsofaffin jaridu a kwamfuta, shafin sanarwar rasuwa. Wannan fage nawa ne, na karanta irinsu da yawa bayan labarun rana: wance ta rasu, ta bar wane da wane. Na bi layin da yatsa. Nora Moran ta bar 'ya ɗaya, Eileen, matar wani Kowalski.

Sunan ya canja sau biyu a cikin gida ɗaya.

Na rubuta wa Eileen wasiƙa ta arba'in da uku. Kwana shida bayan nan wani mutum ya kira ni, ɗan Misis Kowalski, murya a ɗaure. Ya ce mahaifiyarsa ta haura tamanin da biyar, kuma in na sake aiko mata da takarda zai kai wa 'yan sanda. Ban ga laifinsa ba. Ɗan Najeriya ya rubuto cewa wani danginku ya mutu a Afirka ya bar kaya: ni ma da na ga wannan zan ajiye waya. Na gaya wa Misis Hanley ranar Litinin. Ta ce in ba ta lambar. Daga kan kujerar wankin ƙoda, allura biyu a hannunta, ta kira shi da muryar da take tsawata wa 'yan aji. Ban ji duk abin da ta faɗa ba. Na dai ji ta ce, "Ba ya neman komai a wurinku, nema yake ya rabu da wani abu."

Washegari Misis Kowalski da kanta ta kira. Ban ambaci Bukuru a wasiƙata ba, da gangan. Najeriya kawai na ce. Na tambaye ta me ta sani game da kawunta. Ta ce Tom suke kiransa, mai tabarau ne, bai yi aure ba. Jirgin ruwan da ya ɗauko shi daga Afirka ta Yamma aka nutsar a lokacin yaƙi, ba a sami gawarsa ba, ba a sami komai nasa ba. Mahaifiyarta ta ajiye hotonsa guda a kan sif har ta mutu, yana tsaye da wani mutum mai farar riga.

"Akwai rubutu a baya?"

Na ji tana kiran ɗanta ya kawo mata gilashin karatu. Sannan ta karanta mini harafi ɗaya bayan ɗaya, domin ba ta san yadda ake faɗinsa ba. Bukuru. A ƙasa kuma an rubuta, ni da Audu.

Ranar Asabar, biyu ga watan Agusta, bisa alkawari, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, muka zauna a falon Misis Kowalski a wajen garin Baltimore. Baba ya ce sai da shaidu. A ɓangarenmu akwai Isufu, wanda ya sa babbar riga har da hula, da Misis Hanley, da ɗan Misis Kowalski a tsaye bakin ƙofa, hannu a harɗe. A Bukuru an idar da la'asar, Binta na riƙe da waya, limamin unguwarmu na zaune gefen gadon Baba. Ni ne tafinta.

Na kwance tsumman, na ɗaga kowane abu ga kyamara kafin in miƙa. Baba yana cewa, ɗaya. Biyu. Misis Kowalski ta ajiye kamfas da tabarau a cinyarta. Casbin ta naɗe a hannu. Da ta buɗe wasiƙar ta ga rubutun mahaifiyarta, sai ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Jaririyar nan mai haƙori," in ji ta, "ni ce."

Na fassara. Baba ya ce in tambaye ta ko kayan sun cika. Na ce Baba ai ba ta san abin da ke ciki ba tun farko. Ya ce in dai tambaye ta. Ta ce sun cika. Ya ce ta faɗa cewa ta karɓa. Ta faɗa. Liman ya ce ya shaida, Isufu ya ce ya shaida, Misis Hanley ta ɗaga hannun dama kamar a kotu.

Ɗan ya kawo hoton, na kanga shi a gaban wayar. Baba bai taɓa ganin hoton mahaifinsa yana saurayi ba. Binta ta matso da wayar kusa da fuskarsa har ba na ganin komai sai goshinsa da gefen hula. Da ya janye, ya goge ido da hannun da ke aiki, ya ce, "Nasiru, saura abu ɗaya. Tambaye ta sunan."

"Wane suna, Baba?"

"Hanli. Shi ma nasu ne. Mun yi ta amfani da shi ba mu tambayi kowa ba. In tana so mu ajiye, sai mu koma Audu."

Na fassara daidai yadda ya faɗa. Misis Kowalski ta tambaye ni mu nawa ne. Na ƙirga da Binta: 'ya'yan Baba, da na ƙannensa biyu, da jikokin da ke ɗauke da sunan, mutum talatin da takwas, daga Bukuru zuwa Kaduna zuwa Abuja, da ni a Germantown. Ta juya ta dubi ɗanta, ta dubi hoton.

"A zuriyar iyayen Tom babu Hanley ko ɗaya da ya rage," in ji ta. "Shi kaɗai ne namiji. Ka ce masa su riƙe. In sun ajiye, babu mai ɗauka."

Baba ya ce to, an gode. Ya ce liman ya shaida wannan ma.

Da za mu tashi ta miƙo mini gwangwanin, babu komai a ciki. Baba ya hango ya ce a'a, shi ma nata ne. Ta ce ta sani, ta karɓa a gaban shaidu, yanzu kuma ta ba shi kyauta. Baba ya dubi liman, liman ya ce ya halatta.

Isufu ne ya samo wani ɗan kasuwa mai tafiya Kano a ƙarshen watan, gwangwanin ya isa Bukuru cikin kwana goma sha biyu tare da kwafin hoton. Binta ta ce an rataye hoton a shago, gwangwanin kuma Baba maɓallai yake zubawa a ciki.